Tambayi Likita: Su wa suka sa mai ciwon hanta ya iya samun dashe ya rayu?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan hanta suke, sai na zaɓi waɗanda na ga suna da alaƙa da juna na haɗa su wuri guda. Amsar farko za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni, sauran duk a kanta suka jingina.

TAMBAYA: Salam Likita. Ni ɗaliba ce a fannin likitanci a Zariya, an ba mu jinga mu rubuta a kan wani masani guda ɗaya da bincikensa ya yi tasiri a kan ciwon hanta na bairos da kuma dashen hanta. Na shiga Google Scholar na ga sunaye barkatai, wani an ambace shi sau dubbai, wani kuma ana ta yabon ma'auninsa na h, kaina ya ɗaure. Wa zan ɗauka, kuma da me ake gane cewa mutum ya yi tasiri da gaske?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba da sa'a. Bari mu fara kawar da zancen lambobin nan don kar su ci gaba da ruɗa ki. Ma'aunin h wani masanin fiziks ne mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro shi a 2005, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: idan aka ce ma'aunin mutum 50, to yana da maƙala 50 da kowacce aka ambace ta a wasu rubuce-rubucen aƙalla sau 50. Shi ke nan fa. Yana da amfaninsa, amma ba ya bambance wanda aka ambata don ya gano wani abu da wanda aka ambata don sunansa na cikin jerin mutum talatin da suka sa hannu a takardar ƙa'idojin magani, wadda dole duk mai rubutu a fannin sai ya ambace ta. Kuma dattijo da ya shekara arba'in yana rubutu kullum zai fi matashi ko da matashin ya fi shi basira.

In lamba kike nema zalla, ai ba sai an wahala ba, Thomas Starzl ne. Shi ya fara gwada dashen hanta a jikin ɗan Adam a Denver ta Amurka a 1963, yaron ɗan shekara uku ya rasu a kan teburin tiyata saboda zubar jini, sai a 1967 ya samu wadda ta rayu sama da shekara guda bayan aikin. Ya koma Pittsburgh a 1981, ya rubuta maƙala sama da 2,000, kuma a 1999 cibiyar da ke ƙirga ambato ta ISI ta ce babu wanda ya kai shi yawan ambato a fannin likitancin asibiti. Ya rasu a 2017. Takwaransa na Ingila shi ne Roy Calne na Cambridge wanda ya yi dashen farko a can a 1968, shi ne kuma ya shigo da maganin cyclosporine cikin harkar dashe, maganin da ke danne garkuwar jiki don kar ta yaƙi sabon sashen da aka dasa. Sai dai na tabbata rabin ajinku Starzl za su ɗauka, kuma malaminku zai gaji da karanta labari iri ɗaya.

Ni da ni ne ke, Didier Samuel zan ɗauka, likitan hanta na asibitin Paul Brousse da ke Villejuif a gefen Paris, domin aikinsa daidai mahaɗar abubuwa biyun da aka tambaye ki ya faɗa. Ga yadda abin yake. A shekarun 1980 dashen hanta ya fara kankama, har wani babban taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira a 1983 ya ce aikin ya wuce matsayin gwaji, ya zama magani. Amma masu ciwon hanta nau'in B sai suka zama 'yan bora. Dalili kuwa, za ka cire ruɓaɓɓiyar hantar ka sa lafiyayya, amma bairos ɗin yana nan cikin jini da wasu sassan jiki, ga shi kuma ka danne garkuwar jikin mutum da magani da hannunka, sai cutar ta afka wa sabuwar hantar da ƙarfin da ya fi na farko, wasu cikin shekara ɗaya ko biyu ta gama da su. Kamar ka gina sabon rumbu ka zuba hatsi ne alhali garar tana nan a ƙarƙashi. Asibitoci da yawa suka daina karɓar masu B gaba ɗaya, suna cewa hanta ba ta da yawa, ba za a ba wanda za ta lalace a jikinsa ba. Abin ya kai ga a 1992 tawagar Starzl ta dasa wa wani mai ciwon B hantar gwaggon biri, saboda bairos ɗin ba ya kama hantar wannan dabba, mutumin ya yi kwana 70 ya rasu. Ki duba irin ƙurewar da aka yi kafin a kai ga wannan.

To a Turai kuma wasu likitoci, musamman a Hannover ta Jamus da can Villejuif inda Samuel ke aiki ƙarƙashin babban likitan fiɗa Henri Bismuth, suna gwada wata dabara. Akwai allura da ake kira HBIG, sojojin garkuwa ne da ake tacewa daga jinin mutanen da jikinsu ke da kariya daga B, sai a riƙa ɗura wa majinyaci tun yana kan teburin tiyata, a ci gaba bayan nan. Wasu na bayarwa na ɗan lokaci su daina, wasu na ci gaba wata da watanni, kowa da abin da yake gani a ɗan adadin majinyatansa, babu wanda zai iya bugun ƙirji. Abin da Samuel da abokan aikinsa suka yi shi ne suka tattaro bayanan mutum 372 masu B da aka yi wa dashe a cibiyoyi 17 na Turai tsakanin 1977 da 1990, suka fitar a mujallar New England Journal of Medicine a 1993. Sakamakon ya fito ɓaro-ɓaro: waɗanda ba a ba su allurar ba, kusan kashi 75 cikin 100 cutar ta dawo musu cikin shekara uku, waɗanda aka ba na ɗan lokaci ma kusan haka, amma waɗanda aka daɗe ana ba su sai abin ya sauko zuwa wajen kashi 36, kuma sun fi rayuwa. Sun kuma nuna cewa wanda bairos ke hayayyafa sosai a jininsa kafin aikin shi ya fi haɗarin dawowar cutar, wanda hakan ya nuna wa na baya inda za su sa gaba, wato a kwantar da bairos ɗin tun kafin a shiga tiyata.

Ki lura da wani abu da zai burge malaminki idan kika kawo shi: wannan binciken ba irin wanda ake raba majinyata gida biyu da ƙuri'a ba ne, waiwaye aka yi aka duba fayil-fayil na baya, wanda a ajinku ana koya muku cewa hujjarsa ba ta kai ta wancan ƙarfi ba. Gaskiya ne. Amma tazarar da ke tsakanin 75 da 36 ta yi girman da ba wanda zai iya kawar da kai, kuma bayan fitarsa babu likitan da zai yarda ya bar majinyacinsa ba allurar don kawai a kammala gwaji. Daga nan sai maganin sha na lamivudine ya zo, aka amince da shi don ciwon B a 1998, a shekarar ce kuma wata tawaga a Los Angeles ta nuna cewa in aka haɗa shi da HBIG dawowar cutar na zama abu mai wuya ƙwarai. Sai entecavir a 2005, sai tenofovir a 2008, waɗanda bairos ba ya saurin gagararsu kamar lamivudine. Yau masu B suna cikin waɗanda dashe ya fi yi wa kyau, mutanen da shekara talatin da 'yan kai da suka wuce ake mayarwa gida.

Saboda haka in kin zo rubutu, ki sa lambobin ambaton a layi ɗaya ko biyu don a san kin duba, sauran takardar ki amsa tambayoyi irin su: kafin aikin mutumin nan me ake yi wa majinyaci, bayansa me aka koma yi, su wa suka ɗora a kai, ya shiga ƙa'idojin magani ko bai shiga ba. Ki kuma ambaci cewa ya riƙe editan mujallar Journal of Hepatology na wasu shekaru, kuma a 2023 aka naɗa shi shugaban Inserm, hukumar binciken lafiya ta Faransa. Amma don Allah kar ki rubuta kamar shi kaɗai ya yi, sunayen da ke kan maƙalar 1993 daga ƙasashe daban-daban suke, mutanen Hannover ma suna cikin waɗanda suka fara gwada allurar.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Yayana ne ke da ciwon hanta na B, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi shawara, likitoci sun ce hantar ta taurare sai dai dashe a Indiya. Muna shirin sayar da gona da fili, sai wani ya ce mana asarar kuɗi ce don cutar dawowa take yi ta cinye sabuwar. Gaskiya ne? Daga wani bawan Allah a Gusau.

AMSA: Allah ya ba shi lafiya Malam, ya sa kaffara ne. Wanda ya gaya muku haka labarin 1990 yake ba ku, ka karanta amsar da na ba ɗalibar nan a sama za ka ga yadda aka yi aka wuce wurin. Yanzu ana fara ba majinyaci tenofovir ko entecavir kafin aiki, a ci gaba bayan aiki, wasu cibiyoyin su haɗa da HBIG na wani lokaci, wasu kuma ba sa ma amfani da ita, don likitocin asibitin Queen Mary na Hong Kong sun nuna tun 2011 cewa entecavir kaɗai na iya riƙe mafi yawan mutane. In ana shan magani yadda aka ce, dawowar cutar ta zama ƙalilan.

Amma tunda maganar sayar da gona ake, bari in faɗa maka abin da dillalan asibitocin waje ba sa son farawa da shi. Kuɗin tiyata somin-taɓi ne. Bayan an dawo gida akwai maganin danne garkuwa irin su tacrolimus da zai sha har ƙarshen rayuwarsa, ba fashi ko na kwana ɗaya, ga maganin B ɗin shi ma har abada, ga gwajin jini a kai a kai don a ga adadin maganin a jiki bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba, in ya yi yawa ya taɓa ƙoda, in ya yi kaɗan jiki ya ƙi hantar. Iyalai da dama suna tattara komai su biya aikin, wata shida bayan dawowa a rasa na magani, wannan ita ce asarar gaske. Ku zauna ku yi lissafin shekara biyu zuwa uku na bayan aiki kafin ku sa hannu a takardar fili.

Abu na biyu, ku tabbata ƙwararren likitan hanta da ciki ne ya gan shi a asibitin koyarwa, kuma an riga an ɗora shi a kan maganin B, saboda akwai waɗanda hantarsu ta fara gazawa amma da suka samu wata shida zuwa shekara kan magani sai ruwan cikin ya ragu, suka farfaɗo har aka cire su daga layin dashe. Ba kowa ba ne, amma yana faruwa. A kuma yi sikanin a duba ko akwai ƙari a hantar, don in akwai cutar kansa to girmanta da yawanta ne za su nuna ko dashe zai yi amfani. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta Milan, wadda Vincenzo Mazzaferro ya fitar a 1996: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko kuma waɗanda ba su wuce uku ba kowanne bai haura santimita 3 ba, kuma bai shiga jijiyar jini ko ya fita wajen hanta ba. Sannan a raba shi da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, na san za a yi ta kawo muku, hantar da ta gaji ba ta iya ɗaukarsu. Kai da sauran 'yan ɗakinku da matarsa da 'ya'yansa duk ku je a gwada ku, wanda ba shi da ita ya karɓi rigakafi.

TAMBAYA: Dakta ni kuma C aka ce ina da shi, lokacin da na je ba da jini. Na ji a rediyo wai an ba wasu Turawa kyautar Nobel a kansa. Wai da gaske ana warkewa ko dai shi ma sai dashe? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya kwantar da hankalinki, a cikin biyun ke kika samu mai sauƙin, C ana warkewa sarai. Amma fara da wannan: gwajin da ake yi a wurin ba da jini yana nuna cewa jikinki ya taɓa haɗuwa da bairos ɗin ne kawai, wasu jikinsu na korar shi da kansa amma alamar ta zauna. Sai an yi gwaji na biyu mai neman bairos ɗin kansa a jini kafin a ce kina ɗauke da shi yanzu.

Kyautar da kika ji ta 2020 ce, mutum uku aka ba. Harvey Alter shi ya lura tun shekarun 1970 cewa mutane na kamuwa da ciwon hanta bayan ƙarin jini alhali ba A ba ne ba B ba ne, aka yi shekaru ana kiran cutar da "ba A ba, ba B ba" don ba a ga mai laifin ba. Michael Houghton da abokan aikinsa a kamfanin Chiron suka zaƙulo bairos ɗin a 1989, Charles Rice kuma ya tabbatar a 1997 cewa shi kaɗai ya isa ya jawo cutar. Wani abu da nake so game da Houghton, a 2013 an ba shi babbar kyautar Gairdner ta Kanada ya ce ba ya so, saboda ba a haɗa da Qui-Lim Choo da George Kuo ba, mutanen da suka yi shekaru suna wahalar tare da shi a ɗakin gwaji. Ɗalibarmu ta Zariya, ki riƙe wannan ma.

Game da dashe kuwa, C ya fi B ba likitoci ciwon kai na tsawon lokaci, don shi babu wata allura irin HBIG da ke tare shi, duk wanda aka yi wa dashe da bairos a jininsa sai cutar ta dawo, kuma kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 sabuwar hantar kan taurare cikin shekara biyar. Wata likita a Valencia ta ƙasar Sifen, Marina Berenguer, ta yi suna a kan bibiyar wannan, ita da tawagarta suka nuna cewa in hantar dattijo aka dasa wa mai C ta fi saurin lalacewa. Maganin lokacin, allurar interferon da ƙwayar ribavirin, wahala ce tsagwaronta, zazzaɓi da kasala da ƙarancin jini kusan shekara guda, kuma a cikin waɗanda aka yi wa dashe wajen mutum ɗaya cikin uku ne ke dacewa. Sai a ƙarshen 2013 aka amince da sofosbuvir a Amurka, maganin da Michael Sofia ya jagoranci haɗawa, ya fito da tsadar hauka, dala 1,000 ƙwaya ɗaya, dala 84,000 na sati 12. Yanzu kamfanonin Indiya da Masar suna yin irinsa da araha nesa ba kusa ba, ana haɗa shi da daclatasvir ko velpatasvir, a sha kullum na sati 12, sama da kashi 95 cikin 100 suna rabuwa da cutar. Abin ya kai yanzu a Amurka ana ɗaukar ƙoda ko hantar mamaci mai C a dasa wa wanda ba shi da ita, sannan a ba shi magani ya warke, sassan da a da zubarwa ake yi.

Ke dai ki je a yi gwaji na biyun, a duba lafiyar hantar, a kuma gwada ki B kafin a fara magani don in suna tare akwai yadda ake bi. Kar ki sayi maganin a kemis da kanki.

TAMBAYA: Malam Likita, wai mai rai zai iya ba da hantarsa? To shi da me zai rayu? Kuma addini ya yarda? Daga wani matashi a Kumasi.

AMSA: Ƙanina ai ba duka ake cirewa ba. Hanta Allah ya yi ta da baiwar tofowa, in aka yanki wani ɓangare ragowar na girma ya cike mafi yawan gurbin cikin 'yan watanni, wanda aka dasa ma ya girma a jikin mai karɓa. In yaro ne za a ba, ɗan ɓangaren hagu ya isa, in babba ne galibi ɓangaren dama ake ɗauka wanda ya haura rabi. An fara dacewa da wannan a 1989 a Brisbane ta Ostareliya, inda Russell Strong ya ɗebi ta uwa ya sa wa ɗanta. A Indiya da Masar da Koriya ta Kudu da Japan mafi yawan dashen daga masu rai ne, shi ya sa in za a tafi ake cewa a zo da ɗan'uwa. Ba wasa ba ne fa, babbar tiyata ce, akwai masu samun matsala bayanta, kuma ko da yake da wuya, an samu waɗanda suka rasa ransu wajen bayarwa, don haka ba a tilasta wa kowa, ba a kuma kunyata wanda ya ce ba zai iya ba. A gidan da B ya yi yawa sau tari ma sai a gwada 'yan'uwa a tarar duk suna ɗauke da shi, an rasa mai bayarwa.

Ɓangaren addini ba fagena ba ne, amma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1988 cewa dashen sassan jiki ya halatta da sharuɗɗa, daga ciki kar ya zama sashen da ran mai bayarwa ya dogara a kansa, kuma ba a yarda da sayarwa ba. Ka tuntuɓi malamin da ka natsu da shi don ƙarin bayani.

TAMBAYA: Likita kullum sai ku yi ta kiran sunayen Turawa. Mu da cutar ta fi kashewa, ina namu masanan? Ko mu sai dai a gwada magani a kanmu? Daga wani malamin makaranta a Katsina.

AMSA: Malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da B, miliyan 50 ke da C, kuma su biyun sun kashe wajen miliyan 1.3 a shekarar. A Najeriya babban binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manya da B, kusan kashi 1 da C. Da wannan yawan, gaskiyarka ne, ya kamata a ce sunayenmu sun fi haka fitowa, kuma dalilin rashin fitowar ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ba ne, bincike kuɗi yake ci, ga ajiye bayanan majinyata shekara da shekaru wanda mu fayil ma ɓata yake tsakanin wannan zuwa asibiti da na gaba. Abin da ya ba Samuel nasara ai shi ne cibiyoyi 17 sun adana bayanansu tsaf har na shekara 13.

Amma ba a ce babu ba. Masar ta taɓa zama ƙasar da ta fi kowacce yawan masu C, sanadin allurar maganin tsargiya da aka yi wa jama'a a ƙauyuka shekaru da dama da sirinjin da ba a dafa shi yadda ya kamata ba. Likitocinsu irin su Gamal Esmat da Imam Waked su suka tsaya a kan lamarin, gwamnati ta sa aka sauko da farashin magani aka kuma riƙa yin sa a gida, daga 2018 aka gwada kusan mutum miliyan 50 cikin 'yan watanni, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar matakin zinare a hanyar kawar da C, ita ce ƙasa ta farko da ta samu. A Gambiya kuma tun 1986 aka fara wani dogon bincike na yi wa jarirai rigakafin B ana bin su har girma, yana cikin abin da ya gamsar da duniya cewa rigakafin na aiki a Afirka. Shi kansa Baruch Blumberg da ya gano bairos ɗin B a shekarun 1960 ya ci Nobel a 1976, wanda ake Ranar Ciwon Hanta ta Duniya ran 28 ga Yuli don ranar haihuwarsa ce, jinin mutane daga sassan duniya ya yi ta tarawa, a jinin wani ɗan asalin Ostareliya ya fara ganin alamar.

Ni a ganina ma binciken da zai fi mana amfani a nan ba na dashe ba ne. Jaririn da ya kamu da B wajen haihuwa kusan kashi 90 cikin 100 cutar zama take yi a jikinsa, babba kuwa in ya kamu bai kai kashi 5 ba. Najeriya ta sa rigakafin B cikin na yara tun 2004, kuma akwai allurar farko da ake so a yi cikin awa 24 da haihuwa, to amma mata nawa ne a ƙauyukanmu ke haihuwa a gida, jaririn ba ya ganin asibiti sai bayan suna? Wanda zai gano yadda allurar nan za ta isa ɗakin mai jego a ranar farko, ko yadda za a sa wanzamai su riƙa canza aska wajen kaciya da ƙaho da cire beli, ko yadda za a rage fumfunar da ke kama gyaɗa da masara a ajiya wadda gubarta ke haɗuwa da B ta ninka haɗarin kansar hanta, wannan zai ceci mutanen da ko asibitin dashe goma aka gina ba za su ɗauke su ba. Kai da kake gaban allo, ka taimaka mana da abu ɗaya: ka gaya wa ɗalibanka B ba ya yaɗuwa ta gumi ko cin abinci a kwano ɗaya ko musabaha, don har yanzu ana ware wa mutane kofi da cokali a gidajensu a banza, ana fasa aure ma alhali rigakafi allura uku ne in an yi wa wanda ba shi da ita.

Masu tambaya a kan kitsen hanta da ciwon suga, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.